Ranar da Na Kushe Diraktanmu

Shekarun baya, lokacin ina shugaban kwamitin iyayen yara na lakwal ɗin ƙauyenmu, wato makarantar boko, na yi wani ciniki da har yau ban yi mafi muninsa ba, kuma ko dala ba ta shiga cikinsa ba. Waɗanda suka san ni sun san sana'ata gyaɗa ce. Ina saye a kasuwannin Waca da Kwaya da Mallawa, in tara a sito, in ta yi daraja in tsallaka iyaka da ita. Ba gadonta na yi ba, da jaki ɗaya na fara. Na faɗi wannan ne don ku san irin kan da ya ƙulla abin da zan ba ku labari.

Lakwal ɗinmu aji shida ne. Biyu na siminti, huɗu rumfunan kara. Wanda bai zauna ƙauye ba ba zai gane wahalar da ke cikin wannan maganar ba. Ana buɗe makarantu farkon watan goma, amma a lokacin gero yana gona, kara bai bushe ba, kuma babu mai hannun saƙa rumfa. Sai an gama girbi, an kai amfani rumbu, an sha bukukuwan kaka, sannan wani ya tuna da lakwal. Kafin a kafa rumfunan watan sha biyu ya kama. In kuma aka tashi hutu a watan shida, awaki su ci rabin karan, mata su kwashi na hura wuta, ruwan sama ya ƙarasa abin da ya rage. Kowace shekara yaran rumfunan nan huɗu suna asarar wata biyu suna yawo a gari. Haka muka taso muka gani, har muka ɗauka haka Allah ya halicci lakwal.

Sai aka turo mana sabon dirakta, muna kiransa Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci. Mutumin yamma ne, daga wani gari mai nisa, tafiyar yini guda da rabi a mota. Hausarsa da farko dariya take ba yara. Bai zo da iyali ba, domin matarsa ce ke jinyar mahaifiyarsa a can gida. Wani ɗaki aka ba shi bayan lakwal, da tabarma da tukunya ɗaya. Ni kuma a lokacin shekara biyu ke nan da rasuwar uwargidana. Ƴaƴana maza sun tafi neman na kansu, ɗaya Kano ɗaya Damagaram, ƴata tana gidan mijinta a Magaria. Gida ya yi mini faɗi. Mutane suna zuwa wurina, amma duk gaisuwar da aka fara da lafiyar iyali na san inda za ta ƙare. Shi kaɗai ne ya zo bayan La'asar ya zauna ƙofar sito, ya sha shayi, ya yi hira, ya tashi bai nemi komai ba. Washegari ya dawo. Haka muka zama abokai, ban san ranar da abin ya fara ba.

Ni aji uku na yi a lakwal aka cire ni aka kai ni gona. Shi ya zaunar da ni da ƙaramin allon yara ya koya mini rubuta Hausa da boko, ina dattijo da furfura. Wannan rubutun da kuke karantawa ma daga hannunsa ya fito.

Wata rana cikin watan biyar na shekararsa ta farko, na sayar da gyaɗar ƙarshe, sito ya zama wayam. Ya leƙa ciki ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Alhaji, wa ke kwana a nan da damina?"

Na ce, "Ɓeraye, Mushe. Su ma ba sa jin daɗin wurin."

Ya ce, "Yaushe sabuwar gyaɗa take fara shigowa?"

Na ce, "Tsakiyar watan goma."

Ya tafa hannu ya ce, "To ka ba ni wurin ɓerayen nan wata huɗu."

Dabarar ba ta da wani tsawo. Ranar da aka tashi hutu, kafin akuya ta kai baki, a kwance rumfunan nan huɗu a hankali, a ɗaure karan da zanar dami-dami, a tuge dirkoki, a kai sitona. A jera duwatsu a ƙasa don kada su taɓa ƙasa, a barbaɗa toka da ganyen dogon yaro saboda gara. Ranar buɗe makaranta a fito da su a kafa cikin yini biyu. In sabon kara ya samu daga baya, a yi faci inda ya lalace. Da ya gama bayani na ji kunya ta kama ni. Shekara ashirin ina kallon siton nan yana hamma kowace damina, ni mai taƙama da wayo, ban taɓa haɗa shi da rumfar lakwal ba.

A shekarar yaranmu suka shiga aji ranar da na Magaria suka shiga. Haka aka yi shekara ta biyu, da ta uku, har ta shida. Ya kuma yi wasu abubuwan. Ranar kasuwa yakan fara karatu da sassafe ya sallami yara kafin rana ta take, don kada iyaye su hana su zuwa gaba ɗaya. Sababbin malamai da ake turowa, yakan zauna bayan ajinsu ya saurara, in yara sun fita ya gyara musu cikin sirri. Amma rumfunan nan su ne abin da kowa ya gani da idonsa.

A shekara ta shida, farkon watan sha ɗaya, wata mata ta sauka daga taksin daji da jaka a kafaɗa. Malamar jami'a ce. Ta je ta gaida maigari, ta yi masa bayani ina zaune. Ta ce bincike take yi a kan shugabannin makarantun ƙauye, yadda wasu ke ƙirƙiro dabara su tafiyar da lakwal ba tare da kayan aiki ba. Ta ji an ce akwai lakwal mai rumfunan kara da ke buɗewa a kan lokaci, shi ne ta zo ta gani. Za ta yi sati guda, ta zauna cikin aji, ta yi hira da malamai da iyaye. Ta ce ba za ta rubuta sunan kowa ba, kuma wanda ba ya so ya yi magana ba dole.

Maigari ya yi murna. Ni gabana ne ya faɗi.

Ga dalili. Kafin wannan diraktan mun taɓa samun malamai biyu nagari. Duk biyun, manya sun zo rangadi, muka buɗe baki muka yabe su kamar maroƙa, shekara ba ta zagayo ba aka ɗauke su aka kai birni. Ban ce laifin kowa ba ne. Kowa yana son abu mai kyau kusa da shi. Amma ni a sana'ata akwai abin da ko sabon shiga ya sani: kayan da kake so ba ka yabonsa a gaban wani mai saye. In na ga gyaɗa mai kyau a kasuwa, sai in ɗebo, in murza, in yamutsa fuska in ce, "Rabi ƙwaya, rabi ɓawo." Kowa daga Waca har Mallawa ya san ni da wannan maganar. Shi kansa dirakta yakan tsokane ni da ita, in na zuba masa shayi ya kurɓa sai ya ce, "Alhaji, wannan na yau rabi ƙwaya ne, rabi ɓawo."

To ga mace ta zo da takarda da alƙalami, abin da ta rubuta manya za su karanta. A idona mai saye ce ta shigo kasuwa.

Washegari da hantsi na tara ƴan kwamiti a zauren maigari. Na ce musu, "Jama'a, kun tuna malaman nan biyu. In muka yabi wannan, sunansa tafiyayye. Ba na ce a zage shi ba. A dai rage masa gishiri. In ta tambaya, ku ce ba laifi, yana dai ƙoƙari. Maganar rumfa kuma ku ce dabarar gari ce, ya zo ya tarar."

Mazan suka gyaɗa kai. Liman ya ce shi dai ba zai yi ƙarya ba, amma ranar yana da tafiya. Wadda ta tsaya mini ita ce shugabar matan gari, tsohuwa ce mai ƙosai, tun muna yara ba ta raga mini.

Ta ce, "Alhaji, yanzu bawan Allahn nan da ya bar uwarsa kwance ya zo yana fama da ƴaƴanmu, shi za mu ce ba laifi?"

Na ce, "Yaya, so kike a ɗauke shi?"

Ta ce, "Ba na so. Amma ka tambaye shi?"

Na ce, "In tambaye shi me? Ana shawara da kaya kafin a yi cinikinsa?"

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "To ni bakina zan kama. Amma wannan wayon naka na kasuwa, ka bar shi a kasuwa."

Ban saurare ta ba. Ban kuma gaya wa abokina komai ba, domin na san ba zai yarda ba, kuma ina ganin alheri nake yi masa da mu baki ɗaya. Gaskiyar da ban faɗa wa kwamiti ba ita ce, ba yaran kaɗai nake tunani ba. Ina tunanin ƙofar sito bayan La'asar, da yadda take kafin ya zo.

Ranar da malamar ta zo wurina, ta zauna a kan buhu, ta ajiye wayarta tsakaninmu, ta nemi izinin ɗaukar muryata. Ta ce, "Baba, yaya kake ganin shugabancin diraktan nan?"

Na yamutsa fuska kamar ina tsakiyar kasuwar Kwaya. Na ce, "To, Malama, ba laifi. Mun ga waɗanda suka fi shi. In kina son gaskiya, rabi ƙwaya ne, rabi ɓawo."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Maganar ajiye rumfuna fa? An ce a nan ake ajiyewa."

Na ce, "Ai wannan tamu ce. Mu muka yi tunaninta. Shi dai ya zo ya ga ana yi."

Ta tashi ta shiga sito. Gyaɗa ta fara cika shi, amma a kusurwa duwatsun nan suna jere, da sauran toka a ƙasa. Ta tsuguna ta taɓa tokar. Ta ce, "Tun yaushe kuka fara?"

Na ce, "Shekara shida ke nan."

Ta ce, "Shi kuma shekararsa nawa a nan?"

Na ce shayi yana ƙonewa, na fita. Da ta tafi na ji kaina kamar wanda ya kayar da babban dillali. Da yamma abokina ya zo, fuskarsa a sake. Ya ce malamar ta zauna ajinsa yini guda tana rubutu, ta yi masa tambayoyin da tun da ya fara aiki ba wanda ya taɓa yi masa. Ya ce, "Alhaji, ka san in ta rubuta wannan abu, wasu ƙauyukan ma za su iya yi. Ai kowane gari akwai mai sito." Na ce Allah ya sa, na miƙa masa shayi ban dubi idonsa ba.

Abin da ban sani ba shi ne masu irin wannan bincike sukan dawo su karanta wa mutane abin da suka samo. Ni na ɗauka takarda in ta tafi birni ta tafi ke nan.

Bayan wata huɗu ta dawo. Aka taru da safe ƙarƙashin dogon yaron lakwal, maza gefe, mata gefe, malamai a kan benci. Dirakta yana zaune a ƙarshen benci, farin alli a yatsunsa, ya sa rigarsa ta Juma'a. Ta yi bayani da Hausa tiryan-tiryan. Ta ce cikin makarantun da ta zaga ba ta ga inda ake tattalin lokacin yara kamar nan ba. Ta faɗi maganar rumfuna, da ta ranar kasuwa, da yadda yake gyara wa malamai. Ina kallonsa yana sunkuyar da kai yana murmushi.

Sannan ta ce, "Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. A sauran wurare, inda dirakta ke ƙoƙari iyaye ne ke fara faɗa. A nan duk wanda na tambaya ya ce ba laifi. Da yawa sun ce dabarar rumfa ba tasa ba ce. Wani dattijo ma, ba zan faɗi sunansa ba, ga abin da ya ce." Ta duba takardarta ta karanta: "Mun ga waɗanda suka fi shi. Rabi ƙwaya ne, rabi ɓawo."

Wasu matasa suka fashe da dariya, domin ba wanda bai gane mai maganar ba. Dariyar ba ta yi nisa ba ta mutu. Ita malamar ta cika alkawarinta, ba ta faɗi suna ba. Ni ne na sa wa maganar tambarina da hannuna. Na dubi abokina. Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, ya ɗan tsaya kamar ya rasa hanyar fita. Bai dube ni ba. Ya kakkaɓe allin yatsunsa a hankali. Da aka ba shi dama ya yi magana, ya miƙe ya gode wa malamar, ya gode wa iyaye, ya ce zai ƙara ƙoƙari. Ya koma aji.

Da za a watse, tsohuwar nan mai ƙosai ta bi ta gabana ta ce, "Sannu da ciniki, Alhaji."

Ranar bai zo shayi ba. Na hura gawayi, na dafa na farko, na dafa na biyu, na zubar. Washegari haka. Rana ta uku na ce ni ba yaro ba ne, na taka zuwa lakwal bayan Azahar. Na same shi a ɗan ofishin da aka yanka masa cikin ajin siminti, yana duba littattafan yara.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Shugaba."

Bai taɓa kirana Shugaba ba sai a taro. Na zauna na faɗa masa komai, ban rage ba. Malaman nan biyu, taron zaure, abin da na ce a faɗa. Na ce, "Mushe, wallahi don kada a ɗauke ka ne. Ka san ni. Abin da nake so shi nake kushewa."

Ya jawo aljihun teburi ya fito da takardu biyu, ɗaya har ta fara yin ja don daɗewa. Ya ce, "Ka iya karatu yanzu, amma wannan Faransanci ne, bari in gaya maka. Wannan ta shekara uku da suka wuce ce, wannan ta bara. Duk biyun wuri aka ba ni kusa da gida, tafiyar awa ɗaya zuwa wurin tsohuwata. Ban karɓa ba. Na gaya wa matata mutanen nan suna bukatata, kuma suna so na. Ta ce yaya na sani. Na ce na dai sani."

Na ce, "Kuma gaskiya ka faɗa mata."

Ya ce, "Na yarda da kai, Alhaji. Tun a taron na yi zargin wani abu irin wannan, don na san bakinka. Amma na kwana biyu ina tunani. Shekara shida ina garin nan. Ko sau ɗaya ba wanda ya tare ni ya ce, Mushe, aikinka ya yi kyau. Kai ma ba ka taɓa faɗa ba. Ban damu ba, na ce halin wurin ne. To ranar farko da wani ya zo ya tambaya, ga abin da aka faɗa. Gari guda kuka zauna kuka yanke yadda za a yi da ni, ba wanda ya ce bari a ji ta bakinsa."

Na ce, "Da na tambaye ka, me za ka ce?"

Ya ce, "Da na ce ku faɗi gaskiya, ba inda za ni. Ba mai ɗauke ni in ban sa hannu ba, ga shaida a gabanka."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, kuma na san har zuciyarsa ya faɗa. Amma ya ce ya riga ya yi magana da gida. Tsohuwa jiki ya ƙara tsanani, kuma yanzu ba shi da abin da zai gaya wa matarsa.

Ya ƙarasa shekarar. Ya dawo shan shayi ma, sai dai ba kullum ba, kuma bai sake tsokanata da maganar nan ba. Mutanen gari suka yi ta zuwa suna yabonsa, har abin ya yi yawa, yana amsawa da ladabi kamar wanda ake yi wa ta'aziyya. Ranar da aka tashi hutu shi ya jagoranci kwance rumfuna kamar kullum. Ya jera duwatsu da hannunsa, ya barbaɗa toka, ya nuna wa malamin da zai riƙe wurin yadda ake ɗaurin. Washegari na raka shi bakin hanya. Kayansa duka jaka biyu ne da tukunyar nan. Da taksi ta zo ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, a kula da gara." Iyakar sallamar ke nan.

Daminar nan ta yi mini tsawo. Ina zaune ƙofar sito, bayana cike da karan da ya ɗaure, gabana kofi ɗaya.

Da ruwa ya ɗauke na shiga mota na tafi Damagaram, inda jami'arsu take, na nemi malamar. Sai da na yi yini ina tambaya kafin na same ta. Na ce mata na zo in janye maganata. Ta ce, "Baba, tun ranar da na taɓa tokar nan na san akwai abin da ba ka faɗa ba. Amma ni ba ni da ikon rubuta abin da nake zato. Na rubuta abin da na gani, na rubuta abin da kuka ce." Ta ce ita ma ta yi nadamar karanta maganar a gabansa, ba ta san duk gari za su gane mai ita ba. Na ce wannan ba laifinta ba ne. Ta ce abin da aka faɗa ba ya goguwa, amma ana iya ƙarawa. Ta sake ajiye wayarta tsakaninmu. Na yi magana ta fi awa guda. Ta yi ta tambayata dalilin da zai sa gari ya ɓoye mutumin kirki, ta ce wannan ma wani abu ne da ya kamata masu tura malamai su sani. Daga baya ta aiko mini da littafin. Ba na iya karanta shi, amma an nuna mini wuraren. Na shiga littafin jami'a sau biyu, ni da aji uku: sau ɗaya ina ƙarya, sau ɗaya ina tuba. Na sa shi a leda na aika wa abokina.

Bai ce komai a kai ba. Amma farkon watan goma na shekara mai zuwa wayata ta yi ƙara.

Ya ce, "Alhaji, an kafa?"

Na ce, "An kafa, Mushe. Jiya yara suka shiga."

Ya ce, "Gara fa?"

Na ce, "Dami ɗaya ta taɓa."

Ya ce, "Toka ta yi kaɗan ke nan."

Tun daga nan kowace shekara sai ya kira, tambayoyin nan biyu, sai gaisuwar iyali. Mahaifiyarsa ta rasu a hannunsa shekara guda bayan komawarsa, kuma in na tuna wannan sai in ce wataƙila Allah ya yi amfani da wautata ne ya mai da shi inda ya kamata. Amma ba na fakewa da wannan. Abin da na yi, na yi.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma na koye shi a makare. Na iya sanin darajar abu tun daga nesa, wannan ita ce baiwata, da ita na ci abinci. Abin da ban iya ba shi ne faɗa. Na saba da cewa in ka nuna kana so, an ɗaga maka. Har uwargidana, Allah ya jiƙanta, ban tuna ranar da na ce mata tuwonta ya yi daɗi ba. In na cinye na ɗauka ta gane. Yanzu duk malamin da aka turo mana, in ya yi abin kirki, takawa nake har ajinsa in faɗa masa a gaban yara. An ɗauke mana biyu tun daga lokacin. Na raka su bakin hanya, sun tafi sun san abin da muke gani a kansu.

An ƙara mana aji ɗaya na siminti, saura rumfuna uku, kuma har yau a sitona suke kwana da damina. Na ji an ce wasu ƙauyuka wajen Dungass ma sun fara. Bara da ya kira, bayan ya tambayi gara, na ce ya tsaya kada ya kashe. Na ce, "Mushe, akwai maganar da ban taɓa faɗa maka da bakina ba. Na auna mutane da yawa a rayuwata. Kai ƙwaya ce zalla, babu ɓawo ko ɗaya."

Sai na ji dariyarsa, irin ta ƙofar sito, wadda na yi shekaru ban ji ba.

Ya ce, "Alhaji, sai da kasuwa ta tashi ka zo da farashin gaskiya?"

Na ce, "Sai da ta tashi, Mushe."

Ya ce, "To na karɓa."

Da muka gama na hura gawayi. Har yanzu kofi biyu nake wankewa bayan La'asar, in zuba ɗaya, ɗayan in kife shi a kan tire.